Rauta: Kiwonta Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Tun da aka shigo wannan zango Edita ya ke bina bashin takarda, ni kuwa ina ta kewaye-kewaye, gama hannuna ya fi sabawa da zarto bisa ga alƙalami. Abin da ya sa na ba da kai shi ne abin da na gani a ɗakin aikin katako makon jiya. Na fita in sha ruwa, na komo na tarar da samari huɗu sun kewaye rauta, ɗaya ya riƙe ta yana juya bakinta da ɗan yatsa, fulogi kuwa yana cikin soket. Ban yi tsawa ba, don kada ya firgita ya taɓa makunni. Na lallaɓa na zare wayar tukuna, sa'an nan na yi faɗan. To, faɗa iska ne, ya kan wuce. Shi ya sa na ga gara in sa maganar a rubuce, domin yawancinku in kun gama za ku tafi makarantu, a danƙa muku 'ya'yan mutane, kowanne da yatsu goma, kuma goma ɗin a ke so ku mayar wa iyayensa.

Ga wanda bai san ta ba, rauta inji ce ƙarama mai aiki da lantarki, wadda a ke riƙewa da hannu biyu. Tana da gindi shimfiɗaɗɗe mai zama bisa katako, da rami a tsakiyarsa inda baki ya ke leƙowa. Bakin nan shi ne wuƙarta, a kan cire shi a sa wani, kowanne da irin yankansa. Duk adon da ku ke gani a gefen tebur, ko a fuskar ƙofa, ko a allon gadon amarya da a ke jerawa a bakin titi, galibi aikinta ne. Ita ce kuma ke fafe kwarin da a ke zura katakon kanta a ciki, da gurbin hinji a jikin ƙyaure. Kafin a yi ta, kafintoci suna yin wannan aiki da wani ɗan abin hannu mai haƙori guda ɗaya tak, wanda mutanen Ingila su ke yi wa laƙabi da haƙorin tsohuwa. Mai inji ta hannu a Amurka aka fara yinta wajen 1915. Wadda a ke dannawa baki ya nutse cikin katako, a saki ya koma sama, kamfanin Elu na Jamus ne ya fito da ita wajen 1949. Irin wannan mai nutso ita na fi so wa makaranta, don in an sake ta baki ya kan ɓuya a cikin gindi.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, gama wanda ya gane lissafin nan ba sai an yi ta yi masa wa'azi ba. Rauta ta kan juya har sau 24,000 a minti ɗaya, ƙananan ma su kan kai 30,000. Raba 24,000 gida sittin, ka ga sau 400 ke nan a sakan guda. Mutum mai lafiya, daga sa'ad da ya ji abu ya taɓa shi zuwa sa'ad da zai fizge hannu, ya kan ɗauki kamar kwatan sakan. Cikin wannan ɗan lokaci baki ya kewayo sau ɗari, kuma da ya ke yawancin bakunan kaifi biyu gare su, sara ɗari biyu ke nan. Zarto in ya yanke yatsa, wani lokaci likita ya kan sami abin da zai ɗinka. Rauta kuwa ba yanka ta ke yi ba, niƙa ta ke yi.

Ni ma ba a littafi na koyi wannan ba. Sa'ad da na ke yaron shago, a wani shago nan cikin garin Jos, maigidana ya ba ni ƙofar kabad in fitar mata da ado. Ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Rautar irin mai maƙallin makunni ce, watau in ka danna ka maƙale, ba sai ka riƙe ba. Da na ji ta yi shiru sai na kwantar da ita bisa benci, na manta sarai ban kashe ba. Can na ce bari in yi amfani da zaman banza in share ƙaron da ya daskare a bakin. Na sa babban yatsana na hagu ke nan sai aka kawo wuta. Allah ya taƙaita, gefen yatsan ta ɗauka, da rabin farce, sa'an nan ta yi tsalle ta faɗa kan ƙofar nan ta yi mata rami. Maigida ya kai ni aka ɗaure, ya kuwa cire kuɗin katakon daga ladana, ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ke so ya ga tabon, ya zo, ba na ɓoye shi.

Saboda haka dokata ta fari ba ta cikin takardar da Turawa su ke sakawa a kwali, don su ba su saba da ɗauke wuta ba. In wuta ta tafi, kashe makunni, zare fulogi, sa'an nan ka yi tsaki in kana so. Haka nan duk sa'ad da hannunka zai kusanci baki, ko canji ne ko awo ko shara, sai fulogi yana kan benci inda idonka ke ganinsa. Makunni ba abin amincewa ba ne, gwiwar hannun wani ta isa ta taɓa shi.

Sai maganar makama, watau ɗan ƙarfen nan mai tsage-tsage da ke riƙe ƙafar baki in an ɗaure noti. A nan zan daɗe kaɗan, domin nan ne na ga ƙwararru ma suna tuntuɓe. Ƙafar baki iri-iri ce. Akwai ta awon inci, kwata da rabi, akwai ta awon milimita, 6 da 8 da 12. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuwa 12.7. Ido ba ya rarrabe 6 da 6.35, amma makama tana rarrabewa. Ga shi kuwa kayanmu a gauraye su ke zuwa, rauta daga wata ƙasa, bakuna daga wata, wasu sababbi wasu gwanjo, mai sayarwa ya zube su cikin gwangwani ɗaya. In ka sa baki mai ƙafa 6 cikin makamar kwatan inci, kome ƙarfin da ka sa wa sifana ba zai kamu sosai ba. Yana cikin aiki sai ya riƙa zamowa, ramin ya yi ta ƙara zurfi ba ka sani ba, in an yi rashin sa'a ya fice gaba ɗaya. In kuwa ka cusa na kwatan inci cikin makama 6 da ƙarfi, ka buɗa ta ke nan, ba za ta ƙara riƙe kome da kyau ba. Duba lambar da aka buga a jikin makama da ta jikin ƙafar baki. In ta goge, auna. Na taɓa ganin wani ya naɗe ƙafar baki da gwangwanin madara don ta cika makama. Wannan ba dabara ba ce, karambanin akuya ne, gai da kura.

Wajen sawa, tura ƙafar har ta taɓa ƙasa, sa'an nan ka jawo ta baya kamar milimita 3, kana ka ɗaure. Dalili kuwa, makama in tana matsewa ja ta ke yi ciki, in ƙafa ta riga ta tokare ba ta da wurin tafiya, sai ka ji noti ya yi ƙarfi alhali riƙon bai kai ba. Kada kuma a zaro baki waje da yawa don neman tsawo, lalle ne kashi uku cikin huɗu na ƙafar ya kasance a ciki. Kada a ɗaure noti babu baki a ciki, makama ta kan lanƙwashe. In ka ga ƙafar baki ta fara yin zobe-zobe na gurza, ko baki yana rawa, makama ta tsufa, a sake ta. Kuɗinta bai kai na ƙofa ɗaya ba.

Girman baki shi ke faɗin gudun da za a ba shi. Baki mai faɗin inci ɗaya, in yana juyi 24,000, gefensa yana gudun kamar kilomita 115 a awa. Mai inci uku a wannan juyi kuwa kilomita 345 ne. Shi ya sa a ke rage wa manya gudu: mai inci biyu a sauko wajen 18,000, mai inci uku wajen 12,000, kuma irin waɗannan ba a riƙe su a hannu, sai an kifa rautar a ƙarƙashin tebur an ɗaure. Wanda rautarsa ba ta da abin rage gudu, ya haƙura da manyan bakuna.

To, ina a ke nufa da ita? Wannan ita ce tambayar da na ke kayar da 'yan aji da ita kowace shekara. In ka dubi rauta daga sama, baki yana juyawa yadda hannun agogo ya ke tafiya. In katako yana gabanka, rauta tana tsakaninka da shi, tura ta daga hagu zuwa dama. Za ka ji tana ɗan turjewa, wannan turjiyar ita a ke so, gama ita ke ba ka iko da ita. In ka bi ta ɗaya hannun, baki ya kan kama katako ya hau kamar tayar mota, ya ja ka da gudu zuwa inda ba ka nufa ba. In kana kewaya bayan tebur, ka saɓa wa hannun agogo ke nan. In cikin firam ne, ka bi shi. In an kifa ta a tebur kuwa kome ya juye, katako a ke turawa daga dama zuwa hagu, da sandan turi, ba da tafin hannu ba. Fara da kan katako, inda jijiya ta ƙare, gama nan ya ke tsagewa a kusurwa, in ka zo yin dogon gefe sai ya share tsagar.

Kada a ci zurfi gaba ɗaya. Ramin milimita 12 a yi shi sau uku ko huɗu. Kunnenka shi ne malaminka a nan: in kukanta ya sauko ya yi nauyi, ka cika mata baki, in kuwa ka ji ƙauri ka ga katako ya yi baƙi, ko ka cika jinkiri ko baki ya dakushe. Katakon kuma a matse shi a benci da ƙarfen matsi. Ba na so in ga an ce wa ƙaramin yaro ya danne da hannu ko ya hau ya zauna a kai, kamar yadda a ke yi a shaguna da yawa. A ta da ita baki bai taɓa katako ba, a jira ta kai gudunta, in an gama kuma a jira ta tsaya cik kafin a ajiye.

Shi kansa katakon yana da nasa hali. Wanda mu ke saye a Kasuwar Katako ta Laranto sau da yawa da ɗanyantakarsa ya ke isowa daga kurmi, ya kuma kwanta a ƙasa ya kwashi yashi. Yashi kuwa maƙiyin kaifi ne, a share shi da burushi tukuna. Malaina tana da sauƙin yanka, amma in ba ta bushe ba sai ta yi gashi-gashi ta toshe baki. Maɗaci jijiyarsa a sarƙe ta ke, yana son baki mai kaifi da ci kaɗan-kaɗan. Loko kuwa wani lokaci a kan sami dutse fari a cikinsa, wanda itacen da kansa ya ke tarawa, ya kan ɓare kaifi nan take. Tsohon katakon da aka cire daga rufi ko daga benci, a bi shi da ido sau biyu saboda guntun ƙusa. Bakunan yanzu kaifinsu na wani ƙarfe ne mai suna kabayid, wanda aka fara haɗawa a Jamus cikin shekarun 1920. Yana da tauri ƙwarai, ya fi ƙarfen da nesa wajen daɗewa, amma gautsi gare shi kamar tangaran. In ya gamu da ƙusa ba lanƙwasa ya ke yi ba, ɓallewa ya ke yi ya tashi, idonka kuwa yana daidai hanyarsa. Tabarau na aiki tilas ne, ga mai yi da mai kallo.

Akwai cuta biyu da ba sa zub da jini, don haka ba a jin tsoronsu. Ta fari ƙura. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar loko ta kan ta da asma da ƙaiƙayin fata. Ta allon MDF, wanda ya cika gari yanzu wajen kabad da kayan ɗaki, ta fi laushi, ga kuma gam a cikinta. Hankici da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare mai laushin, sai takunkumi na ainihi mai kama fuska. A buɗe tagogi, ko da hunturu ne. Ta biyu ƙara. Masana sun ce ƙarar da ta wuce ma'auni 85 na desibel, in a ka wuni cikinta kullum, tana cin kunne, rauta kuwa tana cikin katako ta kan wuce 90 da nisa. Ku lura da tsofaffin masu injin katako, sai an ɗaga murya su ke ji. Kunne in ya tafi ba ya komowa. A sa abin toshe kunne.

Tufafi kuma, nan Jos muna da namu wahalar da mutanen Sakkwato ba su da ita. Cikin Disamba da Janairu yaro ya kan shigo ɗakin aiki da safe da mafila a wuya da safar hannu, yana rawar ɗari. Duka biyu a tuɓe. Safar hannu in baki ya kama zarenta, da hannun zai tafi. Babbar riga a rataye ta a ƙusa, hannun riga a naɗe, carbi ya koma aljihu. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda na ke murna da ganin suna ƙaruwa a wannan aji, su tura bakin mayafi ko hijabi cikin rigar aiki su ɗaure, kada a bar kome yana lilo.

Kiwon rautar kanta ba wuya, naci ya ke so. Tana shaƙar iska ta kai don ta huce, saboda haka da hunturu ƙurar gari da ta katako su kan haɗu su toshe mata hanci, ta yi zafi, waya ta ƙone. Kowace rana in an tashi a share ramukan iskar da burushi, ko a hura da famfon keke. Da damina kuwa, wadda a nan ta kan kama daga Afrilu har Oktoba, tsatsa ce abin tsoro. A cire baki daga makama kowace yamma, in ya kwana a ciki ya kan manne. A goge makama da ƙyalle mai ɗan laimar mai, a sake gogewa ta bushe sarai, gama makama mai santsi ba ta riƙo. Sandunan nan biyu da ta ke nutso a kansu, a goga musu kyandir, kada a zuba baƙin mai, ƙura za ta kama ta zama kunu. Gindin ma kyandir ya ishe shi.

Ƙaron da ke daskarewa a baki shi ke sa a ce baki ya mutu alhali datti ne kawai. Kananzir da tsohon burushin haƙori sun isa, sai dai in bakin mai ɗan boris ne a ka, a kwance boris ɗin tukuna, don kananzir ya kan wanke man da ke cikinsa. In za a wasa, fuskar da ke shimfiɗe kaɗai a ke gogawa a dutsen wasi mai garin lu'ulu'u, ba a taɓa bayan, in an taɓa siffar ado ta canja. Bakuna kuma kada a zube su wuri ɗaya suna karo da juna. Sami guntun katako ka huda masa ramuka, kowanne ya tsaya a gidansa. Wannan ma aikin aji ɗaya ne mai kyau.

A gefen injin akwai murafu biyu, ƙarƙashinsu gawayin nan ne da masu gyara ke kira burushi, su ke kai wuta ga abin da ke juyawa. Cinyewa su ke yi a hankali. In ka ga tartsatsi ya yi yawa, ko tana yankewa tana kamawa, duba su. In sun rage kamar milimita 6, ko sun kai layin da aka yi musu, a sake su, biyun tare. Boris na ciki a rufe ya ke da mansa, ba a ƙara masa. In ya fara gurnani, ko ka kama sandan da hannu (fulogi a zare) ka ji yana girgiɗi, a kai wa mai gyara tun bai ci kwayil ba.

Saura lantarki. Jos tsohuwar gari ce wajen wuta, tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO mai samar da ita daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza, amma har yanzu muna wasa da ita kamar baƙuwa. Wutarmu bolt 230 ce. Rautar gwanjo da ta fito Amurka ta 120 ce, in ka sa mata tamu kai tsaye sai hayaƙi. Karanta farantin jikinta kafin ka biya. Babbar rauta ta kan ci wat 1,500 har fiye da 2,000, ƙaramin janareta na kunna fitila da talabijin ba zai ɗauke ta ba, doguwar waya siririya kuma ta kan rage mata ƙarfi ta sa ta zafi. Waya tsirara da a ke cusawa cikin soket a tokare da tsinken ashana, wannan kada in gan ta a makarantar da ɗalibina ke koyarwa. In waya ta ɗaye a sake ta duka, kuma in ana aiki a rataya ta bisa kafaɗa ta bi baya, don kada baki ya same ta.

Sa'ad da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu don koyar da fasaha. Da yawa sun tsufa cikin akwatunansu, wasu don babu wuta, wasu don babu malamin da ya san kansu. In Allah ya kai ka makarantar da ke da rauta, kada tsoro ya sa ka kulle ta har ta yi tsatsa, kada kuma ka sake ta ga yara. Yaro ɗaya a kan inji, kai kana tsaye kusa da soket, sauran a bayan layin alli. Mabuɗin kabad ɗin da bakuna su ke ya zauna a aljihunka.

In kuwa tsautsayi ya auku duk da haka, danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, ɗaga hannun sama da ƙirji, a nufi asibiti. Kada a zuba man birki, ko fetur, ko ƙasa, ko garin katako, duk na ga ana yi. In wani yanki ya fita, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Babban rauni a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko wani babban asibiti mafi kusa, a kuma tuna wa ma'aikata maganar allurar tetanus.

Ran Laraba bayan la'asar zan kwance rautarmu in sake mata burushi. Wanda ya ke so ya ga cikinta ya zo ɗakin aiki, ya naɗe hannun riga, ya taho da tsohon burushin haƙorinsa, akwai bakuna goma sha biyu da ke jiran wanki.